Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: cefanen kayan garka ga ɗan Gure a ƙasar waje



Iyayenmu maza da mata, malamai, yayye da ƙanne, barkanmu da war haka, barkanmu da kaka. Allah ya sa albarka a abin da aka samu, ya kai mu ta baɗi da rai da lafiya.

Maganar da aka ba ni in yi yau, wani zai ji ta ya ce ba ta kai a tara mutane ba. Magana ce ta cefane, wato yadda ɗan Gure da ke zaune a ƙasar waje zai sayi tomati da albasa da ganye a kasuwar garin da ya baƙunta. To, ku ba ni aron hankalinku, za ku ga inda ta dosa.

An gama girbi, gero ya shiga rumbu. Nan da ƴan makonni duk motar da ta tashi daga tasha za ku gan ta maƙil da samari. Wasu sun nufi Kano da Legas, wasu Akra da Abijan, wasu Agadas su wuce Libiya ko Aljeriya. Ga ɗalibai masu tafiya karatu Maroko, Turkiyya ko Faransa. Kowannensu an zaunar da shi an yi masa nasiha: riƙe salla, kula da takardunka, guji mugun aboki, kada ka manta da gida. Duk daidai ne. Amma da wuya ka ji an gaya wa yaro abin da zai zuba a tukunya idan ya isa.

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ƴan ci-rani ya san tukunyar nan. Da safe burodi da shayi. Da rana abin da aka samu a bakin aiki. Da dare a ɗora shinkafa ko makaroni, a malala mai, a jefa dunƙulen magi uku ko huɗu, in an yi ƙoƙari a fasa ƙaramin gwangwanin tomati. Gobe haka, jibi haka, har wata shida, har shekara. Kada ku ce rowa ce. Lissafi ne. Yaro yana tuna uwa, yana tuna bashin kuɗin mota, yana tuna kuɗin aure, sai ya ga duk dalar da ya miƙa wa mai ganye kamar daga bakin gida ya cire ta.

Abin da bai sani ba, tun yana ƙarami yake cin ganye ba tare da ya lura ba. Miyar kuka, miyar yakuwa, kuɓewa ɗanya da busasshiya, dambun zogale, kwaɗon rama, tafasar damina, kabewar da ake jefawa a taushe: duk Inna ce ke sa su, shi dai ya wanke hannu ya ci. Ranar da ya bar gida, ranar kayan nan suka fita daga cikinsa, kuma bai ji fitarsu ba, tun da shinkafa tana cika ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla giram 400 na kayan lambu da ƴaƴan itace kowace rana. Kada adadin ya ba ku tsoro. Tomati biyu matsakaita, karoti ɗaya, dafaffen ganye cikin tafin hannu, da lemu ɗaya, an kai. Amma rogo da dankali, har da na Turawa, ba sa cikin wannan lissafi, su ƴan'uwan tuwo ne. Hukumar ta kuma ce gishirin da mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda. Dunƙulen magin nan kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Ku lissafa da kanku tukunyar da aka jefa wa huɗu, aka kuma barbaɗa gishiri a kai.

Jiki ba ya kai ƙara da wuri. Da farko bayan gida ne zai yi tauri, a ce basir ne, a shiga shan jiƙe-jiƙe. Sai kasala, sai miki ya ƙi warkewa, sai dasashi ya riƙa jini in an yi asuwaki. Wannan ciwon dasashi tsohon ciwo ne na matuƙan jirgin ruwa masu daɗewa ba su ci ɗanyen abu ba. A shekarar 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya ware marasa lafiya 12 ya ba su magunguna daban-daban. Biyun da aka ba lemun zaƙi da na tsami su ne suka miƙe cikin ƴan kwanaki. Yau wanda ke ramin zinariya a tsakiyar hamada, ko gonar da ke nesa da gari, yana cikin halin matuƙan nan ne. Sannan a hankali ga hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo, yana jiran mutum a gaba. Ɗan ci-rani fa jarinsa jikinsa. Ranar da ya kwanta, aike ya tsaya, kuma asibitin ƙasar mutane ba ya sanin ɗan wane ne kai. Shi ya sa na ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To, yaya za a yi a ci ganye ba tare da an karya aljihu ba? Abu shida zan faɗa, kuma duk wanda ya yi zaman waje a cikinku zai shaide ni.

Na farko, nemi kasuwar gari tun makon da ka sauka. Shagon bakin layi da babban kanti mai sanyi su ne suka fi kusa, kuma sau da yawa su ne suka fi tsada. Kowane gari yana da inda talakawansa ke cefane. A Kano akwai Ƴankaba, can ake sauke kayan gwari. A Legas akwai Mile 12, inda in ka shiga za ka rantse kana Arewa saboda Hausar da ke tashi. A Abijan akwai Adjamé da kasuwar matan Guro. A Akra, ƴan albasa sun daɗe a Agbogbloshie kafin a mai da su Adjen Kotoku a shekarar 2021, kuma da yawansu mutanenmu ne. A Paris akwai unguwar Château Rouge, inda ake samun kuɓewa da gauta da attarugu kamar a gida, ga kuma kasuwar Barbès da ke ci Laraba da Asabar ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. A Brussels akwai kasuwar Midi ranar Lahadi da safe. A Amurka, garuruwa irin su Greensboro inda ƴan Nijar ke da yawa, shagunan Indiyawa da na mutanen Meziko da na Sinawa su ne abokan tafiya. Matambayi ba ya ɓata. Tambayi dattijuwar da ka gani da kwando a unguwa, ta fi wayarka sanin inda araha take.

Na san akwai garuruwan da fita kasuwa ma kasada ce ga wanda ba shi da takarda. Duk mun san yadda ake kwaso mutanenmu daga Aljeriya a zube su kusa da Asamaka. Inda abin yake haka, a tura mai takarda ko wanda ya iya harshe, ya sayo na mako guda gaba ɗaya. Ba a ce kowa ya je ba, an ce kowa ya ci.

Na biyu, koyi sunan abin da kake nema. Sau da yawa kayan miyarmu suna nan a gabanka, suna ne kawai ya sauya. Kuɓewa, a Libiya da Masar da Saudiyya bamiya ce, a Aljeriya gnawiya, a bakin mai Faransanci gombo, a Gana okro, a shagon Ba'indiye bindi. Lalo, wanda wasunmu ke ce wa malohiya, Larabawa mulukhiya suke ce masa, kun ji ai kalmar ɗaya ce. Yarbawa na ce masa ewedu, a Gana ayoyo, a Abijan kplala. Yakuwa a Bamako da Abijan sunanta da, Indiyawa kuma gongura. Alayyafo a kasuwar Kumasi alefu ne, kusan sunanmu suka ara. Zogale ana kiransa moringa kusan ko'ina, amma in kana Jidda ko Dubai ka shiga shagon ƴan Filifin ka ce malunggay, za a miƙo maka ɗanyen ganyensa. Soɓo kuwa Larabawa na ce masa karkade, ƴan Senegal bisab, mutanen Meziko hamaika. Dabara mai sauƙi: kafin ka tashi, ɗauki hoton kowane ganye a wayarka. Inda baki ya gaza, hoto zai yi magana.

In ba a samu na gida ba, a yi da na gari. A kasuwannin Magrib akwai wani ganye mai faɗi da suke kira salƙ, ga alayyafon Turawa. Ka dafa shi, ka matsa lemun tsami ko ka zuba ruwan tsamiya, ka samu ɗan'uwan miyar yakuwa. Ganyen da ka ga mutanen gari suna rububinsa, saya kaɗan ka gwada. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura.

Na uku, san lokaci. A nan gida kowa ya san da ɗari ne kasuwa ke cika da salati da shu da karoti da tomati, daga Disamba zuwa Fabrairu, har mai garka ya rasa mai saye. Da bazara da farkon damina kuwa tomati sai mai hali. Wannan kalanda tana aiki a Kano da Legas, tun da kayan daga Arewa suke gangarawa. Amma a Turai a juye take. Can tomati da tattasai da kabewar Turawa suna araha ne daga Yuli zuwa Satumba. Da hunturu, tomatin da za ka gani daga rumfunan leda na Almeriya a Sifen ya zo, ko daga yankin Agadir a Maroko, ga tsada ga rashin ɗanɗano. Lokacin nan abincin gari shi ne shu da karoti da albasa mai ganye da kabewa. Abin da ka ga ya yi tsibi a kowane tebur, shi ne na lokaci, shi ne mai araha, kuma shi ne mai daɗi.

Sa'a ma tana da nata. A ƙasar zafi, ganye da sassafe ake sayensa kafin rana ta taɓa shi. A kasuwannin mako na Turai kuwa, dab da tashi ne farashi ke faɗuwa, don mai kaya ya gwammace ya sayar da akwati a kuɗi kaɗan da ya sake loda shi a mota. Mai haƙurin jiran wannan sa'a yakan ci riba, muddin zai dafa ko ya gyara kayan a ranar.

Na huɗu, san awo da ciniki. Mu mun saba da kashi da tiya da kwando. A Libiya da Aljeriya da Turai kilo ne ke aiki, kuma kuɗin da aka rubuta a allo na kilo ne, sai ka duba kada ka ɗauka na ƙulli ɗaya ne. A Amurka da laba ake awo, ita kuwa giram 454 ce, ba ta kai rabin kilo ba, don haka kuɗin da ka gani ka ninka shi biyu da ɗoriya kafin ka san na kilo. A Kano da Akra da Abijan ana tayi, ana neman gyara. Har Legas kalmar nan tamu ta je, suna ce mata jara. A Paris ko Brussels kuwa abin da aka rubuta shi ne, kuma wani mai tebur ba ya son ka tattaɓa masa kaya, nuna kawai ya zuba maka.

Akwai wani tarko da ke kama kusan kowa a watan farko, shi ne mai da kowane farashi zuwa sefa. Yuro ɗaya sefa 656 ne, wato dala 131 da ƴan kai. Sai a ce maka kilon tomati yuro 3, ka buga a ka, ka ga kusan jika biyu, ka ce wallahi wannan cefanen gida guda ne a Gure, ka juya ka tafi. Wannan awo bai yi ba. Kuɗin can kake samu, da kuɗin can za ka auna. Tambayi kanka minti nawa na aikinka ke sayen kilon nan, sannan ka tambayi kanka kwana nawa na aiki ciwo ɗaya ke ci. Kuma ka dubi abin da ke tafiya a sigari da lemun kwalba da kuɗin intanet a mako, za ka ga kuɗin ganye yana nan, wani wuri ya bi.

Inda kuke da yawa a ɗaki, ku haɗa kuɗi. Mutum goma in kowa ya sayi kashin tomatinsa, sun yi wa mai tebur aiki. In suka haɗa suka ɗauki kwando ko akwati a inda ake sauke kaya, kuɗin ya ragu ƙwarai. Za ku ce ai zai ruɓe. To, mu da muka tashi muna ganin iyayenmu mata suna yanka tomati su shanya ya zama kauɗa, suna busar da kuɓewa, suna dunƙula ganyen albasa ya zama gabu, mu ne za mu rasa yadda za mu yi da rarar kwando? Rana tana nan a Sabha da Tamanrasat kamar yadda take a nan. Inda akwai firigo, a niƙa tomati da tattasai da albasa, a tafasa, a rarraba a ƙananan robobi a daskarar. Kuɓewa da mulukhiya daskararru da ake sayarwa a shagunan Larabawa su ma ba laifi, amfaninsu bai gudu ba. Inda babu wuta, akwai dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Albasa kuwa a ajiye ta inda iska ke shiga, nesa da dankali, don zamansu tare yana sa su lalacewa.

Na biyar, buɗe ido, sannan ka wanke. Kuɓewa mai kyau, in ka karya bakinta za ta ɓalle ƙaras, in ta lanƙwashe ta tsufa. Shu ka ɗaga ka ji nauyi. Albasa ka danna wuyanta, in ya yi laushi ta fara ruɓa daga ciki. Ganyen da aka yayyafa wa ruwa yana sheƙi, duba ƙasan daurin, can gaskiyarsa take. Tomatin da ya fashe ana sayar da shi da araha a Legas da Kano, amma wanda ya yi fumfuna a bar shi, araha ba ta ado. Wanda ka ga farar hoda a jikinsa ko ka ji warin magani, wuce shi. Maganin ƙwari ba wasa ba ne: a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin nan da muke kira piya-piya da aka samu a cikinsa.

A manyan biranen Afirka ta Yamma, salati da yawa ana nomansa ne a bakin magudanar ruwan gari. An san haka a Akra da Kumasi, an san haka a bakin Jakara a Kano. Ruwan nan yana ɗauke da ƙwayoyin zawo da tsutsar ciki. Kada kuma a ɗauka na Turai ya tsira. A shekarar 2011 a Jamus, tsiron hulba da ake ci ɗanye ya jawo annobar da ta kashe mutum fiye da 50. Saboda haka ƙa'ida ɗaya ce ko'ina: wanke hannu, ware ganye ɗaya-ɗaya, wanke shi da ruwa mai tsabta sau uku, a jiƙa shi ɗan lokaci a ruwan da aka zuba wa binegar, a ɗauraye. Mai ɓawo a fere shi. Inda ruwan kansa ba abin yarda ba ne, a bar ɗanye a dafa. Mu dama masu miya ne, wuta tana kashe abin da ido bai gani ba.

Na shida ya shafi masu tafiya ta jirgin sama, da iyaye masu cusa tsaraba a jaka. Tun ranar 14 ga Disamba 2019, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da ɗanyen ganye ko kayan lambu ko ƴaƴan itace sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai. Abu biyar kawai aka ɗauke wa, ciki har da ayaba da abarba da kwakwa da dabino. Kun ji, dabinon kwarinmu yana da hanya. Nama da madara kuwa an hana su, don haka kilishi da cuku suna iya ƙarewa a kwandon duwan. A Amurka dole ne ka bayyana duk wani abinci da ke jakarka, wanda ya ɓoye aka gani tara ce. Ƙa'idar da ba ta ba da kunya ita ce: ɗanye a bar shi gida, busasshe a ƙulle shi da kyau a rubuta sunansa, in an tambaya a faɗi gaskiya.

Yanzu bari in juyo da maganar gida, don kasuwar waje tana koya wa mai ido wani karatu. Ɗan Nijar da ya shiga kasuwar Akra ko ta Abijan zai tarar da buhunan albasar Galmi jibge, mutane suna nemanta da sunanta. A shekarar 2023, da aka rufe iyakoki motocin albasa suka maƙale a hanya, sai da farashinta ya tashi a Gana, kowace uwar gida ta ji a jikinta. Busasshen tattasan Difa, na bakin Komadugu, ta kan titin nan namu wasu motocinsa ke wucewa, kuma ya yi suna har cikin Najeriya. Wato abin da muke gani kamar aikin wanda ya rasa abin yi, shi wasu ƙasashe ke jira kafin su ɗora tukunya.

Mu kuma nan ƙasar Gure Allah ya ba mu kwari, inda ruwa ke kusa, inda dabino da goriba da rogo da rake da kayan miya ke fita a tsakiyar tudun yashi. Dabinon yankin nan na Manga har sau biyu yake fure a shekara, abin da ba a saba gani ba a wasu ƙasashen dabino. Ga garake a bakin tafkin Gidimuni a kan hanyar Damagaram, ga na Mirya. Tun bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta tura mutane noman rani, kuma tun lokacin garka take tsare gidaje da yawa daga yunwa. Amma kowa a nan ya san yashi yana cin kwarin nan. Dattawa za su nuna maka inda da ake tsinkar dabino, yau tudu ne. An yi ayyuka irin na PLECO don tsai da yashi a Gure da Maine-Sorowa, ana kafa shinge da kalimbo da ƙirar kaba, ana dasa itace. Shingen da ba mai kula da shi kuwa ba ya daɗewa, kuma masu ƙarfin kula da shi su ne ke cika motocin nan da na ambata.

Ban ce kada a tafi ba. Rani yana da tsawo, kuma kuɗin ci-rani ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Abin da nake cewa, wanda ya tafi ya tafi da ido. Da yawa daga cikinku gonakin Sabha da Ubari za ku yi wa aiki, wasu ma rumfunan leda. Ku dubi yadda ake ban ruwa ɗigo-ɗigo ta siririn tiyo, ruwa kaɗan ya shayar da fili mai yawa. Ku dubi famfon da hasken rana ke juyawa. A kasuwa ku dubi yadda ake ware tomati manya daban ƙanana daban, a jera a akwatin roba mai ramuka, ba a danne shi a kwando na ƙasa ya zama ruwa kafin a isa Gidigir ba. Ku tambayi sunan irin da ke jure zafi. Wannan ilimi ba ya da nauyi a jaka, kuma ba duwan ɗin da zai karɓe shi.

Saboda haka roƙona uku ne. Ku masu tafiya, ku ware kuɗin ganye tun ranar da aka biya ku, kamar yadda kuke ware na haya, kuma in kun aiko gida ku ce ga na hatsi, ga na cefanen yara daban, don yaron da ke cin tuwo da miyar ruwa shi ma yana cikin halin da muka faɗa. Ku iyayenmu mata, kafin yaro ya tashi a zaunar da shi gaban murhu ya koyi miya uku, ko ta kuka da ta kuɓewa da ta yakuwa ce. Ba abin kunya ba ne, can ba Inna ba ƙanwa. A ƙulla masa kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗa da gabu da daddawa da garin zogale, sun fi masa sabuwar riga amfani. Ku kuma da kuka dawo da ɗan abin hannu, kafin a sayi babur na biyu a tuna da rijiyar garka da shingenta. Garka tana ciyar da gida wata goma sha biyu, kuma ita ce za ta sa wata rana ƙanenka ya zaɓi zama ko tafiya da son ransa.

Masu tafiya, Allah ya kiyaye hanya, ya haɗa ku da mutanen kirki, ya dawo mana da ku da lafiyarku. Masu zama, Allah ya ba da haƙuri da albarkar ruwa. In akwai mai tambaya ko mai ƙarin bayani, musamman cikin waɗanda suka yi zaman waje, fili naku ne.